Kafin Ka Miƙe a Gaban Jama'a: Sanin Masu Sauraro a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun

Ranar da aka ce ka je Dosara ka yi wa mutane bayani, ko kan sabon irin shinkafa, ko rigakafi, ko sa yara makaranta, hankalinka zai fara tafiya kan takarda: me zan faɗa, da me zan buɗe, wace ƙididdiga zan kawo. Ajiye takardar tukuna. Akwai tambayoyin da suka riga ta. Su wa za su zauna a gabanka? Wane aiki suka baro suka zo? Me aka taɓa faɗa musu a wannan filin kafin zuwanka, kuma me ya biyo baya? Na daɗe ina tsayawa gaban manoma a garuruwan da ke tsakanin Talata Mafara, Bakura da Maradun, na kuma zauna a tabarma na saurari wasu. Yawancin jawaban da na ga sun zube ƙasa, masu yin su sun san karatunsu sarai. Mutanen da ke gabansu ne ba su sani ba.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Alhaji Musa Ɗankwairo, haifaffen ƙasar Bakura wanda duniya ta san shi da Maradun, bai taɓa ɗaukar kotso ya nufi fadar wani sarki ba tare da ya san iyayensa da kakanninsa, da wanda ya nemi sarautar tare da shi, da abin da ake yabonsa da shi a gari ba. Haka Sa'idu Faru, wanda ya yi wa Muhammadu Macciɗo waƙa tun yana Sarkin Kudu a Talata Mafara, shekaru masu yawa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Makaɗin fada yakan gama bincikensa kafin ya buga kiɗa, sa'an nan yana waƙa yana kallon fuskar ubangidansa da ta fadawa: inda aka yi murmushi ya maimaita, inda aka sunkuyar da kai ya wuce. Ba yabo nake so ka koya daga gare su ba. Wannan bincike da wannan ido nake so ka ɗauka.

Aikin da ake yi kafin ranar taro

Ba a fafe gora ranar tafiya. In da hali, ka shiga garin kwana ɗaya ko biyu kafin taron, ba da motar ofis mai tambari ba. In hanya ba ta da kyau ko tsaro bai bari ba, ka nemi ɗan garin da ke zuwa kasuwa ka zauna da shi. Kada ka tsaya ga wanda ya gayyace ka kaɗai, domin shi yana da abin da yake so ka gani. Ka gaisa da mai unguwa da liman, amma ka zauna wurin mai shayi, ka yi hira da malamin firamare, da mai kemis, da ɗan kabu-kabun da ya kawo ka. Abin da za ka tambaya kaɗan ne. Wa ya zo nan da irin wannan magana a baya, me ya yi alkawari, ya cika? Akwai rigimar da ke ci a ƙasa, ta sarauta ko ta masallaci ko ta siyasa ko ta burtali? An yi rashi ko an kawo hari kwanan nan? Sai babbar tambaya: in ana so abu ya karɓu a garin nan, bakin wa ake ji? Sau da yawa ba mai rawani ba ne. Yana iya zama wani tsoho mai sayar da iri, ko wata ungozoma, ko saurayin da ke riƙe da ƙungiyar ƙwallo.

Tambayar farko, ta wanda ya riga ka zuwa, tana da nauyi na musamman a wannan yanki. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin. Ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, aka auna filaye, aka rubuta sunaye, aka yi maganar diyya. Manoma suka ga abin da aka faɗa da abin da ya iso hannunsu ba su yi daidai ba, suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilu na 1980 kuma 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na mamata, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Jikokin waɗannan mutane su ne za su zauna a gabanka, wasu dattawan ma da idonsu suka gani. Don haka duk wanda ya zo da igiyar awo, ko takardar rubuta sunaye, ko ya ce "gwamnati za ta ba ku", ya sani ba a kan farin allo yake rubutu ba. In aikinka ya ƙunshi rubuta suna ko auna gona, ka faɗi dalili tun a farkon magana, ka faɗi inda takardar za ta, ka faɗi abin da ba za a yi da ita ba. Kada ka jira a tambaye ka, don mai yiwuwa ba za a tambaya ba, sai dai a ba ka sunan da ba shi ne ba.

Lokaci ma sashe ne na sanin mutane. Wanda ya sa taro ranar Talata a ƙauyen da ke cin kasuwar Mafara, yara da tsofaffi zai tarar. Da damina safiya ta gona ce, sai bayan la'asar. Masu noman rani suna da ranar ban ruwa, ba sa barin ta don jawabin kowa. A shekarun nan kuma akwai abin da ya fi waɗannan duka: saboda rashin tsaro, wanda ya zo daga ƙauyen nesa yana so ya isa gida da sauran rana. Da ka ga inuwa ta yi tsawo, ka san rabin hankalin jama'a ya koma kan hanya. Bayan sallar Juma'a ana samun taro ba wahala, amma mutane a tsaye suke da takalma a hannu, minti goma ke gare ka, ka yi abu ɗaya ka sake su.

Kallon farko

Ka isa da wuri ka ga yadda ake zama. A taron gari ba jama'a ɗaya ce a gabanka ba. Sarakuna da malamai suna gaba a kan kujeru ko darduma, magidanta a tabarmi, samari can baya bisa babura, yara sun kewaye lasifika, mata kuwa ko suna gefe bayan zana, ko ba su zo ba sam amma maganar za ta same su kafin magariba. Ka tambayi kanka: abin da na zo nema, a hannun wa yake? In maganar taki ce, maigida ne. In ta abincin yaro ce, uwa ce da kaka. In ta rigakafi ce, uwa ke kai yaro amma uba ke ba da izini. In ta sintiri ko gyaran hanya ce, waɗancan na bisa babura su za su yi aikin. Gaisuwa ta na gaba ce, amma gundarin maganar ka auna shi da wanda zai aikata. Na sha ganin mai jawabi ya kafe idonsa kan uban ƙasa daga farko har ƙarshe, uban ƙasa yana gyaɗa kai, samarin da ake so su ji kuwa sun tayar da babura tun tuni.

Gaisuwa kuma ka yi ta daidai. Ka tambayi sarautar kowa kafin ka miƙe, ka rubuta a tafin takardarka. Ba a cewa "sarkin garin nan" a dunƙule inda sarauta take da suna: Sarkin Mafara ne, Sarkin Burmin Bakura ne, Sarkin Kayan Maradun ne, haka kowane uban ƙasa da dagaci yana da tasa. Kuskuren suna ko tsallake wanda ya kamata a fara ambata yana iya rufe kunnen rukuni guda, kai ba ka sani ba. Amma in sanƙira ko mai gabatarwa ya riga ya jera kowa, kada ka sake jerawa. Ka yi sallama, ka ce "ranka ya daɗe" ga babba, "Allah gafarta malam" ga liman, ka haɗa sauran iyaye da 'yan'uwa a gaisuwa ɗaya. In an yi rashi a garin, ta'aziyya ta riga komai, kuma ka yi ta da natsuwa, ba a guje ba kamar mai sauke farali.

Sa'an nan ka faɗi ko kai wane ne ta hanyar da za a iya ajiye ka a wani wuri. Digirinka ba ya gaya musu komai. Garinku, da wanda ya aiko ka, da ko ka taɓa riƙe fartanya, su suke so su ji.

Harshe da ma'auni

A nan zan daɗe, don a nan aka fi faɗuwa.

Mutanen wannan yanki Zamfarci suke yi. Za ka ji "munka tahi", "mi kaka so", "wagga shekara", "ɗiyana". In kai ɗan ƙasar ne ka yi karatu a Zariya ko Kano, ka dawo da harshen gida ranar taro, kada ka tsaya gaban kawunnanka kana Hausar rediyo. In kuwa Bakano ne kai ko Bazazzagi, yi Hausarka a sarari, a hankali. Kada ka kwaikwayi Zamfarci. Kunne yana gane na aro nan take, kuma ana iya ɗauka ba'a kake yi. Abin da za ka ara shi ne sunayen abubuwa: yadda suke kiran irin shinkafarsu, da ciwon da ke damun yaransu, da tsutsar da ke cin masararsu. Waɗannan ka tambaya tun a wurin mai shayi. In da Fulani a taron waɗanda Hausa ba ta zauna musu sosai ba, musamman mata da tsofaffi, ka nemi tafinta daga cikinsu, wanda su suka yarda da shi. Ka yi gajerun jimloli, ka tsaya ya juya, kuma ka kalli mutanen lokacin da yake juyawa, ba shi ba.

Turanci kuwa ka bar shi a mota. Ba don mutane ba su da basira ba. Manomin Bakolori yana lissafin kuɗin iri da taki da mai da 'yan ƙwadago a kansa fiye da yadda kai za ka yi da biro. Matsalar ita ce kowace kalmar Turanci tana gaya masa maganar ba tasa ba ce.

Shekarun farko na aikina, na tsaya a wani ƙauye kusa da Dosara na yi bayanin taki: kilo kaza na kamfa a kowace hekta, kilo kaza na yuriya bayan mako kaza. Aka saurare ni tsit, aka ce madalla, aka yi addu'a. Ina naɗe takarduna sai wani dattijo ya matso ya ce, "Ɗana, mun ji. Amma gonata wadda nika samun dami talatin, tiya nawa za ni zuba mata?" Na ce, "Baba, ka ba ni zuwa jibi." Ba ni da amsa a ranar, kuma tambayarsa ita ce ta kowa da ke wurin. Na koma na zauna da wani manomi muka taka gonarsa, muka juye buhu a tiya muka ƙirga, muka mayar da lissafin duka zuwa dami da tiya da buhu. Tun daga ranar ban sake shiga taro da hekta a bakina ba sai na san abin da take daidai da shi a wurin.

Ka yi wannan juyi a gida kafin ka zo. Buhun taki kilo 50 ne, hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce, amma manomi da yawa da abin da gona ke bayarwa yake auna ta, ko da yawan irin da take ci. Kada ka ce kashi 20 cikin ɗari. Ka ce a buhu biyar, ɗaya. Kada ka ce santimita. Ka nuna taƙi ko kamu ko tsawon takalmi. Masu binciken noma na cibiyar ICRISAT da ke Sadore a Nijar, da suka so manoman gero su riƙa sa taki kaɗan a gindin kowace shuka, da murfin kwalbar lemo da tsunkulen yatsa uku suka koyar, domin kowa yana da su. In za ka iya kawo abin a hannu, kawo shi. Zangarniya biyu, ɗaya daga gonar da aka bi shawara, ɗaya daga wadda ba a bi ba, ka miƙa su zagaya hannu-hannu. Gani ya kori ji.

Kuma kada ka zo da abu bakwai. Zaɓi ɗaya, in ya yi yawa biyu, wanda mutum zai iya maimaita wa matarsa da dare ba tare da ya ɓata shi ba. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'udu ranar Alhamis kaɗai yake yi wa mutane wa'azi, da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum ya ƙi don gudun kada ya gundure su. In sahabi ya ji tsoron gundurar da masu son jin sa, ina ga mai bayanin taki da rana tsaka.

Karanta jama'a kana cikin magana

Bahaushe ba ya ce wa baƙo "ban yarda ba" a gaban sarkinsa. Zai ce "to", zai ce "haka ne", zai ce "Allah ya sa mu dace". Waɗannan ladabi ne, kada ka ƙirga su a cikin ribar taro. Labarin zuciya a tambayi fuska, a tambayi hannu da ƙafa ma. Dattijo ya zaro carbi ya sunkuyar da kai, ya bar ka. An fara ɓare goro ana miƙa wa na kusa, an fara duban rana, an jawo takalmi kusa da tabarma: ka daɗe. Ƙus-ƙus ya tashi a kusurwa ɗaya daidai lokacin da ka ambaci wani abu: ka taɓa wani miki, ka riƙe wurin a ranka. Shiru ma iri biyu ne. Akwai wanda wuya ke miƙewa, ido na kanka, mai tari ma yana danne tarinsa. Akwai kuma wanda ido ke ƙasa, ana zane da tsinke. Na farko ka ci gaba, na biyu ka canza hanya.

Canza hanya ba ɗaga murya ba ne. Masu lasifika sukan yi wannan kuskure, su ga jama'a ta yi sanyi sai su ƙara ihu. Ka tsaya cak, ka jefa tambayar da su suka fi ka sanin amsarta. "Sarkin Noma, bara a wane wata tsutsar nan ta shigo muku?" Da ya amsa, wani zai gyara masa, na uku zai sa baki, taro ya dawo da rai, kai kuma ka samu abin da za ka ɗora maganarka a kai. Ko ka tsallake shafi biyu ka tafi kai tsaye ga abin da ya shafi aljihu. Takardar da ka rubuta ba wanda ya gan ta, ba wanda zai san ka yar da rabinta.

Wasa yana buɗe taro, amma sai wanda al'ada ta ba ka izininsa. Babarbare yana iya tsokanar Bafulatani, Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bayarabe ya tsokani Bagobiri, a yi dariya a wuce. Wanda ba taubashinka ba, bar shi. Kada ka yi wasa da talaucin mutane, ko yawan 'ya'yansu, ko rashin karatunsu. A garin da aka binne mutane makon jiya kuwa, kada ka yi wasa ko kaɗan.

In ka ce "akwai mai tambaya?" aka yi shiru, ba yana nufin babu ba. Ba mai riga mai gari magana, yaro kuma ba ya tambaya gaban ubansa. Ka fara miƙa wa babba, sa'an nan ka ce, "A wani gari da na je an tambaye ni kaza," ka kawo tambayar da ka san tana cin su, muddin da gaske an taɓa yi maka ita. Tambaya takan zo a lulluɓe: "wani ne ya ce wai maganin nan yana hana haihuwa." Mai faɗar shi ne wanin, ko matarsa. Ka amsa wa wanin cikin mutunci, kada ka ce jahilci ne. Saurayin da ya miƙe da zafi ya ce an sha zuwa ana yi musu ƙarya, kada ka bari dogarai ko 'yan kwamiti su zaunar da shi. Mutum hamsin yake magana da bakinsu, kuma yadda ka amsa masa shi za a tafi da shi gida. In abin da ya faɗa gaskiya ne, ka ce gaskiya ne.

Akwai abin da halin da ake ciki ya ƙara. A garuruwan da 'yan bindiga suka addaba, mutane ba su san kunnen wa ke cikin taro ba. Kada ka sa kowa ya faɗi a bainar jama'a wa ya yi kaza, ko nawa ya girbe, ko shanu nawa gare shi, ko yaushe za a kawo kaya. Kada ka ɗauki hoto ko murya sai da izini. Ka kuma sani kai ma ana ɗaukar ka: waya tana aljihun kowane saurayi, minti ɗaya daga maganarka zai iya isa Gusau ta WhatsApp kafin kai ka isa Mafara, a gaban mutanen da ba su ji farkonta ba.

Wajen mata

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, yana yi wa mutane bayani da harshen da suke ji, Hausa ko Fulatanci, mata kuma suna halarta. Wani malami, Mustafa Gwani, ya soki hakan, Abdullahi ɗan Fodiyo ya mayar masa da amsa cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni. Daga baya Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, tana koyar da shugabannin mata da ake kira jaji, su kuma su koma ƙauyuka su koyar da mata a cikin gidajensu. Dabararta har yau ita ce mai aiki: mace ta je wa mata, a wurinsu, a lokacinsu.

Ke da za ki yi wa mata magana, ki nemi gidan mai gari ko na liman, da hantsi bayan an sauke tukunyar safe kafin a ɗora ta rana. Ki zauna a tabarma tare da su, kada ki tsaya a kansu. Ki fara da tsofaffi, ki ce "Inna", ki ce "Gwaggo", don in kaka ba ta yarda ba, ba abin da zai shiga bakin jikanta. Ki san amarya ba za ta yi magana gaban uwar mijinta ba, kuma uwa ba za ta kama sunan ɗanta na fari ba, kada ki matsa mata. Maganar ciki da haila da tazarar haihuwa ki raba zama: matasa daban, bayan an sallami tsofaffi cikin girmamawa. Yaro ya yi kuka ki ci gaba, ba raini ba ne. In namiji ne kai kuma dole ka yi maganar, ka zo da mace wadda suka sani, ka faɗi naka a taƙaice daga zaure, ka bar mata sauran.

Iyakar sassauci

In kiɗa ya canza rawa takan canza, amma akwai abin da ba ya canzawa, kuma ina jin zafin yadda ake rikita su. Wasu sun ɗauka sanin jama'a shi ne gaya wa kowane gari abin da yake so ya ji: a ce wa manoma za a kori makiyaya, a ce wa makiyaya za a buɗe burtali, duk a mako ɗaya. Wannan yaudara ce, kuma ita ta sa wanda zai zo bayanka da gaskiya yake shan wuya.

Dubi abin da ya faru a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje su ne sanadi. Gaskiyar ɗaya ce, ba ta da sassauci: ƙurar nan tana kashe yara. Amma wanda ya tsaya ya ce wa mutane su bar haƙar zinariya, alhali ita ke ciyar da su fiye da gona, ba a ji shi ba, wasu ma ɓoye rashin lafiyar yaran suka yi don tsoron a hana su sana'a. Maganar da ta shiga, wadda likitocin ƙungiyar MSF da sarakunan yankin suka bi, ita ce wadda mutum zai iya aikatawa gobe da safe: a fitar da daka da niƙa bayan gari, a wanke jiki a canza tufafi kafin a shiga gida, a kwashe gurɓatacciyar ƙasa, a kawo yara a auna jininsu. Ba a rage wa gaskiyar komai ba, an dai sa mata hannun da za a ɗauke ta da shi. Haka rigakafin shan inna, da aka dakatar a Zamfara da Kano a 2003 saboda zargi: bai koma daidai ba sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba, wasunsu suna ɗiga wa 'ya'yansu a gaban jama'a, har aka tabbatar a 2020 cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Nijeriya.

Saboda haka, abin da ba ka da iko a kansa kada ka yi alkawarinsa, ko da tafi zai ƙaru. In an tambaye ka yaushe taki zai iso kuma ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka faɗi wanda za ka tambaya da ranar da za ka aiko da amsa, sa'an nan ka aiko, ko da amsar ba mai daɗi ba ce.

Bayan an shafa fatiha kada ka faɗa mota. Ka sha ruwan da aka kawo maka, ka ɗan zauna a gindin itace kamar mai jiran wani. A nan ne masu tambayar gaske suke zuwa ɗaya-ɗaya, murya ƙasa-ƙasa: mai bashin da bai biya ba yana so ya ji ko za a sa sunansa, mai yaron da ya sha allura ya yi zazzaɓi, wanda gonarsa take inda ba a iya zuwa yanzu. Ka saurare su, ka rubuta bayan sun tafi, ba a gabansu ba. Bayan kwana uku ka kira malamin firamaren nan ko mai shayin, kada ka tambaye shi ko taro ya yi kyau, don zai ce ya yi. Ka ce masa, "Me mutane suke cewa na ce?" In ya ce ana cewa gwamnati za ta raba taki kyauta, alhali kai bayanin yadda ake zuba shi ka yi, to ka nemi liman ya gyara maganar ranar Juma'a mai zuwa, kafin a fara yi wa mai unguwa layi a ƙofar gida.